Ranar da Na Yi wa Matata Tafinta

A ɗan cocinmu na Tambuwal babu ɗakin furta zunubi irin na manyan coci-coci na birni. Abin da muke da shi kujerar roba ce a gindin dogonyaro, bayan gini. Fada ya zauna, mai zunubi ya durƙusa a gefensa, masu jira su yi layi can nesa, kowa yana kallon ƙasa kamar bai san abin da ya kawo ɗan'uwansa ba. Don kada iska ta kwaso magana, mawaƙa kan shiga ciki su yi ta gwajin waƙoƙin Kirsimeti da ganga da tulu. Duk wanda ya daɗe a gindin itacen, mai ganga ne ke fara sani, hannunsa ke gaya masa.

Ni da matata mutanen ƙasar Zuru ne. Aikin hanya ya kawo ni nan ina saurayi, aikin ya ƙare, kamfani ya kwashe katafilolinsa ya tafi, ni na maƙale a Kebbe, can gefen Tambuwal, da fartanya da mace. Makaranta kuwa na leƙa ta ne kawai, malam ya gan ni na gan shi, muka rabu ba wanda ya yi kewar wani. Turancina na lebura ne, buroka, wanda na tsinta a bakin direbobi da masu dafa wa kamfani abinci. Da shi na taɓa zama tafinta a coci. Wata Lahadi wani baƙon Fada ya ce mu ƙaunaci maƙwabtanmu, ni kuwa na juya wa jama'a cewa Fada ya ce mai akuyar da ke cinye waken coci ya ɗaure ta, ko ta zama naman Kirsimeti. Coci ya ɗauki dariya, Fada yana ta duba takardarsa yana neman inda abin dariyar yake. Akuya dai an ɗaure ta. Ni kuma katakis, malamin da ke kula da cocin, ya sauke ni daga aiki a ranar, ya ce bakina ba ya iya ɗaukar magana bai ƙara mata gishiri ba. Bai yi ƙarya ba.

Matata ba ta jin Turanci ko na rantsuwa. Hausa take ji da yaren gida. Ba ta fashin Lahadi, ita ke sharar coci, carbin rosari ba ya barin hannunta, amma shekaru da yawa idan aka zo karɓar Jikin Almasihu, gurasar nan mai tsarki, ba ta tashi. Matan benci su miƙe su bi layi, ita ta janye ƙafafu ta ba su hanya. Gindin dogonyaro ma ba ta zuwa. A wurinmu wanda ke ɗauke da abu mai nauyi bai furta ba, ba ya karɓa, kowa ya san haka, kuma ba a tambaya. Ni dai nakan tambaya, don ba a haife ni da kunya ba.

"Tsohuwa, wai wa kinka kashe?"

"Ban fara ba tukuna. Da kai nika son farawa."

Sai in yi dariya in bar ta. Na ɗauka tsoron Fadanmu na da take yi, don yana jin Hausa kamar Bahaushe, ya san gidanmu, ya san tukunyarta, yakan zauna kan tabarmarmu ya sha kunu.

Shekarar da nake ba da labari, ciwo ya kama ta bayan an gama yankan gero. Ƙafafu suka kumbura har zane ba ya rufe su, numfashi ya koma sama-sama, in ta kwanta sai an tokare ta da matashi. A asibiti suka ce zuciya ce, suka ba da ƙwayoyi, suka kuma yi mini irin kallon da ake yi wa mutumin da za a yi wa gaisuwa nan gaba kaɗan. Ita ma ta gane. Ta fara raba zannuwanta. Ta ba matar maƙwabcinmu Alhaji babbar tukunyarta, ta ce ajiya ce, kowa ya san ba ajiya ba ce.

A shekarar ne kuma aka ɗauke Fadanmu aka kai shi wani wuri, katakis ya kwashe iyalinsa ya bar gari saboda hanya ta lalace da 'yan bindiga. Ga Disamba ta shigo. Wanda bai zauna cikinmu ba ba zai gane ba: lokacin da coci-cocin duniya ke cika, namu a lokacin yake zubewa. Malaman makaranta, ma'aikatan jinya, masu bautar ƙasa, masu sayar da kayan mota, kowa ya rufe ƙofa ya hau mota ya tafi Kudu yin Kirsimeti a gida. Kowace Lahadi ana ƙara kunna kyandir ɗaya na jiran haihuwar, kowace Lahadi benci yana ƙara yin fili. A ƙarshe sai mu, waɗanda gidan ya yi wa nisa a aljihu ko a zuciya, da bukkar jariri da muka yi da zana a gefen bagade, an jera tumakin yumɓu, komin babu kowa ciki tukuna.

Daga Sakkwato aka aiko wani matashin Fada ya riƙa zuwa yana yi mana Misa. Mutumin Kudu ne, mai kirki, amma Hausarsa ba ta wuce sannu da na gode ba.

Ranar Asabar, jajibirin Lahadin ƙarshe kafin Kirsimeti, ina gyara mata matashi, ta ce, "Gobe ka kai ni Tambuwal."

"Asibiti? Gobe Lahadi fa."

"Coci. Fada nika son gani."

"Tsohuwa, Fadan ga ba shi jin Hausa. In kin ce mishi kin yi sata, sai shi ce miki yawwa, na gode."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ban son in tafi da kaya bisa kai. Ina son in karɓa ranar Kirsimeti, ko sau ɗaya, kafin a rufe ni."

Na ƙarasa gyara matashin, na fita neman mota.

Alhaji ya ba da motar da ɗansa ke jigilar albasa da ita. Ya ce, "Ɗauka, maƙwabci, Allah shi ba ta lafiya. In an yi muku addu'a a saka mu ciki, mu ma muna saka ku." Muka shimfiɗa mata katifa a baya, muka bi hanya a hankali, tana nishi a kowane rami.

Bayan Misa na je wurin Fada da burokata na gaya masa abin da ke tafe da mu. Ya zo ya duba ta, ya ga ƙafafun, fuskarsa ta canza. Ya ce ba damuwa, ta faɗi zunubanta da Hausa ko da yarenta, ko bai ji ba Allah yana ji, shi zai yi mata gafara, a irin halin da take ciki an yarda da haka. Na ji daɗi, na juya mata, wannan karon ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba.

Ta girgiza kai. "In bai ji ba, mi za shi yafe?"

"Ya ce Allah na ji."

"Allah ya daɗe da ji. Mutum nika son shi ji."

Fada ya ce to sai da tafinta, kuma ita ce za ta zaɓa. Masu jin harsunan biyu a cocin ranar ba su da yawa. Akwai Madam mai kemis, shugabar matan zumunta, wadda ta riga ta matso tana gyara ɗankwali, ta ce, "Mama, ni zan taimaka miki, ai mu mata ne." Madam mutuniyar kirki ce, sai dai duk wanda ya taɓa sayen maganin basir a shagonta ya san kafin ya iso gida labari ya riga shi.

Matata ta ce, "Na gode, ɗiyata." Sai ta nuna ni da haɓa. "Wanga."

Madam ta ce, "Baba? Mama, kin manta akuya?"

Ni ma na ce, "Tsohuwa, ciwon ya taɓa kai ne? Duk garin ga babu mai bakin da ya kai nawa yoyo."

"Shi ya sa. Kai ko ka faɗa, ba mai yarda."

Aka yi dariya, har da ni. Na ji kamar an ba ni sarauta. Na gyara hula, ina tafe ina ɗaga wa masu layi hannu.

Ba ta iya durƙusawa, aka shimfiɗa mata tabarma a gindin itacen, aka jingina ta da gindinsa. Fada ya rataya ɗan ƙyallensa shunayya a wuya. Kafin a fara ya riƙe hannuna, ya yi mini magana a hankali, da Turanci mai sauƙi don kada in ce ban gane ba. Ya ce, Baba, abin da za ka ji a nan ba naka ba ne. Ba za ka gaya wa kowa ba. Ba za ka tayar mata da shi ba, sai in ita ta buɗe maganar da kanta. Ba za ka nuna shi a fuska ba, ba za ka canza mata ba saboda shi. Dokar da ke kaina ita ce a kanka, har kabari. Kuma in kana juyawa kada ka ce ta ce, ka yi magana kamar kai ne ita, kada ka rage, kada ka ƙara.

Na ce, "Fada, fuskar nan tawa ta riga ta lalace, babu sauran wurin nuna wani abu."

Ya yi murmushi kaɗan, ya sa na zauna na ba ta baya. Cikin coci aka buga ganga.

Abin da ta faɗa ba zan rubuta ba. Ƙananan ma ba zan rubuta ba. Ba zan ce ya shafe ni ba, ba zan ce bai shafe ni ba. Abin da ya faru da ni a wurin shi ne nawa, shi kaɗai nake da ikon bayarwa.

Da farko aikin ya zo da sauƙi. Ta faɗa, in juya, Fada ya gyaɗa kai. Har ina jin daɗin yadda Turancin ke fitowa, ina cewa a raina ina ma katakis yana nan ya gani. Sai na ji tana jan numfashi a bayana, irin jan nan mai ƙara. Da ta ci gaba, muryarta ba ta rawa ko kaɗan, kamar mai karanto abin da ta daɗe tana bitarsa. Ta kai ƙarshen maganar ta tsaya, tana jira.

Ni kuwa ina kallon wasu tururuwa suna jan ƙafar fara a ƙasa. Na san da harshe a bakina, amma ya yi nauyi kamar na saniya. Fada ya ce, Baba?

A nan ne shaiɗanin da ke zaune a kafaɗata tun ina yaro ya matso kunnena. Ya ce, kai ne fa gwanin. Ita ba ta jin abin da za ka gaya masa, shi ba ya jin abin da ta gaya maka. Ka ce ta zagi maƙwabciya. Ka ce ta yi fashin Lahadi. Ya yi mata gafara, ku tashi, maganar ta mutu a Hausa, ba ta taɓa shiga kunnen wani namiji ba bayan kai. Wallahi shawarar ta yi mini daɗi. Duk rayuwata irin wannan aikin nake yi kyauta, don nishaɗi kawai.

Daga bayana ta ce, "Faɗa mishi."

Na ci gaba da kallon tururuwan.

"Baban yara. Faɗa mishi yadda na faɗa. Ina jin tsawon magana ko ban jin Turanci."

Macen da ba a sa ran za ta ga sabuwar shekara, ta roƙi abu ɗaya. Na buɗe baki na faɗa. Da bakina, da burokata ta lebura, na ce ni na yi, ni na yi, ni na ɓoye. Inda kalma ta ƙare mini na kewaya na nemo wata har sai da na ga Fada ya gane. Bai ɗago ya dube ni ba, na kuma gode masa da haka. Ganga tana ta bugawa, mai gangar ya gaji ya sake salo, ya kuma sakewa.

Sannan aiki ya juya. Fada ya yi mata magana mai laushi, ni ne kuma na ɗauko laushin na kai mata. Da bakina na gaya mata Allah ya fi zunubinta girma. Da bakina na gaya mata ta daina azabtar da kanta. Ya ba ta addu'o'in da za ta yi na tuba, na lissafa mata. Ya ɗaga hannu ya yi mata gafara, wannan bai nemi in juya ba. Na ji ta sauke wata ajiyar zuciya da ban taɓa jin irinta ba tun da na aure ta, sai ta ce a ba ta ruwa.

Da muka zagayo, masu layi suka ce, "Baba tafinta, yau me aka ƙara?" Na ce, "Barkono." Aka yi dariya. Doka ta ce kada fuska ta nuna. A mota ta jingina kanta da cinyata ta yi barci tun kafin mu fita gari, barcin da ta yi makonni ba ta samu ba. Ina zaune ina riƙe da kanta kada rami ya buga shi.

Ranar Kirsimeti muka koma. An sa jariri a komi, yara sun kewaye bukka, mata sun sha anko, tulu na gurnani. Da aka zo karɓa, Madam da wata suka kama ta hagu da dama, ta bi layi tana jan ƙafafun nan. Ta buɗe baki ta karɓa. Ta dawo ta zauna ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta suna rawa. Abin da ta roƙa ta samu, kuma ba zan ce ban ji daɗi ba.

Ni ne ban tashi ba. Na janye ƙafafu na ba mutane hanya. Abin da ke cikin ƙirjina a ranar ba a zuwa bagade da shi. Wani tsohon ɗan sanda da ke gefena ya zungure ni. "Kai kuma wace tsiya ka shuka?" Na ce, "Tana da yawa, ban gama girbi ba." Da yamma na ɗauki kwanonin shinkafa da nama na bi gidajen maƙwabta kamar kowace shekara, ina barkwanci a kowace ƙofa, Alhaji yana cewa, "Kai dai ba ka girma."

Na shirya wa mutuwarta. Na gaya wa kaina kwana nawa ya rage, in daure, in rufe ta da mutunci, in bi bayanta da abina a ciki. Sai ta ƙi mutuwa. Bayan sabuwar shekara kumburin ya fara saɓewa. Kafin azumin coci ta fara zama a tsakar gida tana tsince wake. Da ruwan farko ya sauka, ta aika aka karɓo tukunyarta daga gidan Alhaji, ashe da gaske ajiya ce. Asibiti suka ce ƙwayoyi ne suka karɓe ta, matan zumunta suka ce abin al'ajabi ne, aka sa ranar godiya. Ni aka ba zakara in riƙe, aka sa ni gaba, na taka rawa har bagade ina washe baki, zakara yana yi mini kashi a hannun riga.

Ba na fatan da ta mutu. In wani ya karanta haka a maganata, bai karanta daidai ba. Amma yarjejeniyar da na shiga a gindin itacen nan, na shiga ne da mai tafiya, sai ga shi da mai zama na ƙulla.

Burkutu na daina sha, ko mun je gida biki, don na san bakina in ya jiƙa. Aka ce Baba ya tuba, har wani sabon katakis ya kafa misali da ni a gaban matasa. Hira na rage, don duk labarin da na ɗauko sai in tsaya in duba ko wata hanya tasa tana bi ta gindin itacen nan. Aka ce tsufa ne. Ita kuwa ta yi ƙiba, tana waƙa in tana tankaɗe, kowace Lahadi tana cikin na farko a layin karɓa. Na koma karɓa ni ma daga baya, bayan na je wurin wani Fada na ce ina da fushi da ba zan iya faɗin dalilinsa ba. Ya ce in yafe. Na ce to. Abin da ke ci na, wanda ko shi ban gaya wa ba, tambaya ce: ta zaɓe ni don babu wani, ko ta zaɓe ni don ta ga wuri ɗaya a duniya da zan ji, in kuma kasa amsawa?

Sau ɗaya na gwada. Wata Disamba ce, da hantsi, tana bakin murhu tana suyar cincin na Kirsimeti, ba kowa a gidan sai mu. Na jawo kujera na zauna kusa. Doka ta hana ni farawa, don haka na tsaya a bakin ƙofar maganar ina leƙe, ko za ta buɗe.

Na ce, "Tsohuwa, kin tuna Fadan nan da ba shi jin Hausa?"

"Yaron kirki. Ko ina shi ke yanzu?"

"Ranar nan kin daɗe gindin itace."

"Na daɗe."

"Ba abin da kika son ki ce mini?"

Ta juya cincin da matsami, ta tsame, ta zuba a kwando. Sannan ta dube ni, ido cikin ido, ba fushi, ba kunya.

"Ni ban taɓa gaya maka komi ba, Baban yara. Da Fada na yi magana."

Ta miƙo mini kwandon ta ce in ɗanɗana ko sukari ya ji. Na ɗauki ɗaya, da zafinsa, na tauna. Na ce ya ji.